Waɗanda Suka Ɗauki Mahaifina

Mahaifina ya rasu da hantsi, ranar kasuwa. Kafin azahar labari ya kai kasuwar hatsi ta Mubi, 'yan dako suka sauke abin da ke kansu a inda labarin ya same su. An ce mini akwai babbar motar da aka bari ba a gama lodinta ba. Direban ya yi ta faɗa, har aka gaya masa wanda ya mutu, sai ya kashe inji ya bi bayansu.

Ni ne ɗansa namiji tilo. Aka ajiye mini benci a ƙofar gida, kawuna da ya zo daga Gella yana gefena. Mutane suna zuwa su ba ni hannu, su ce, "Malam, sai haƙuri," in amsa. Daga nan sai su wuce gindin dogon yaro, inda shugaban 'yan dako yake zaune a ƙasa, wanda kowa ke kira Ciyaman. A can suke durƙusawa. A can suke kuka. Wata tsohuwa mai sayar da kunu ta wuce ni ba ta ma gan ni ba, ta je ta kama kafaɗarsa tana cewa, "An bar ka maraya. Ni kuma wa zai riƙa mini faɗa kan sukari?"

Kawu ya duƙo ya ce mini, "Wai a nan gidan ne aka yi mutuwar, ko a gindin itacen can?"

Tambayar da na daɗe ina yi wa kaina ce, tun Baba yana da rai.

Wani tsohon dillalin wake, wanda suka yi shekaru suna rigima da Baba, ya zo da sandarsa. Shi dai ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Mutumin nan ya hana ni sakat tun ina da ƙarfina. Yau kuma ga shi ya hana ni cin abinci." A cikin gida matan zumuntar coci suna waƙa tare da Mama. A waje Musulmi da Kirista sun cika layi har bakin titi, abin da ba a cika gani ba tun bayan dawowarmu daga gudun hijira.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi. Waɗanda suka san farkonsa sun kusa ƙarewa, yaran kasuwa na yanzu kuma sun ɗauka dokokin da suke bi daga sama suka faɗo.

Baba ba ɗan ƙasar nan ba ne. A wani tsibiri na yankin Karibiyan aka haife shi. Mutanen Mubi Jamaika suke cewa, ko da yake ba can ba ne, ya gyara musu har ya gaji ya bari. Yana saurayi ya shugabanci ƙungiyar leburorin tashar jiragen ruwa a garinsu. Suka yi wani yajin aiki mai tsawo, leburori suka sami abin da suke nema, shi kuma aka kore shi, babu kamfanin da ya yarda ya sake ɗaukarsa. Ya shiga jirgi yana aikin inji, ya sauka Legas, ya bi wani kamfanin gina hanya har Mubi. Mama tana sayar da abinci kusa da masaukin ma'aikatan. Yakan ce kakanninsa daga wannan ɓangaren duniya aka kwashe su, shi ya dawo da ƙafarsa bai san ƙofar da zai buga ba, sai ya tsaya inda aka fara ba shi tuwo.

Hausarsa har ya mutu ba ta miƙe ba, amma a Mubi wannan ba abin kallo ba ne. Yana son kifi, yana kuma raina kifinmu. In muka tambaye shi yadda teku yake, sai ya ce mu ɗauki mayo, wato kogi, a tsakiyar damina, mu cire masa ɗaya gaɓar. Ba ya cin abinci sai ya leƙa kwanon kowa. Ba ya katse mai magana, ko da zaginsa ake yi. Yakan jira mutum ya gama, ya tambaye shi, "Shi ke nan?" sannan ya fara.

Ina ƙaramar sakandare lokacin da ya bar aikin gareji. Mun zaci zai zauna a gida. Sai wata rana ya je sayen masara, ya ga wani ɗan dako ya faɗi a kan katakon hawa mota da buhu a wuyansa. A lokacin 'yan kasuwa sun fito da dabarar ɗinka wa buhu ƙari a baki, a cika shi har ya yi tozo. Buhu mai hula ake ce masa. Nauyi ya ƙaru, ladan ɗauka yana nan yadda yake. Baba ya dawo gida babu masara. Washegari da yamma mutane suka cika tsakar gidanmu, ƙurar dusa a gashinsu, kowa da gammonsa a hannu.

Daga ranar gidanmu ya daina zama namu. Tukunyar Mama ta ƙara girma, naman da ke kwanona ya ragu. Ni da ƙanwata muka saba yin aikin makaranta a bayan ɗaki, saboda ana miting a inuwa.

Dokoki biyu ya fara kafa musu. Ba a ɗaukar buhu mai hula. Kuma babu wanda zai ɗora wa kansa kaya shi kaɗai, sai mutum biyu sun ɗaga masa, mutum biyu sun sauke. In ya ga mutum da buhu, tambayarsa ɗaya ce: "Wa ya ɗora maka?" In babu amsa, sai an sauke an sake. 'Yan kasuwa suka yi dariya. 'Yan dako suka zauna a kan gammonsu a bakin rumfuna, suna kallon motoci. Dillalai suka aika ƙauyuka aka kwaso samari su yi aikin. Kowa ya zaci za a yi faɗa. Baba ya sa Mama ta dafa shinkafa da wake, ya kai wa baƙin, ya zauna a tsakiyarsu yana tambayar kowa sunan ƙauyensu. Ya sa wani tsohon ɗan dako ya cire riga ya nuna musu bayansa. Kafin a tashi kasuwa su ma sun zauna. Buhu mai hula bai sake shiga kasuwar ba.

A cikin samarin da aka kwaso ranar akwai wani dogo daga Betso, ya girme ni da kaɗan, ba shi da uwa ba shi da uba. Bai koma ƙauye ba. A zaurenmu ya riƙa kwana. Shi ne Ciyaman na yau.

Ina gani Baba ya koya masa abubuwan da bai koya mini ba. Yadda ake tsayawa a gaban mai kuɗi ba a sunkuyar da kai ba kuma ba a ɗaga murya ba. Yadda ake sanin mutum ya gaji tun kafin ya faɗa. Yadda ake raba rigimar mutum biyu ba tare da ɗaya ya tafi da kunya ba. Sukan zauna bayan cin abinci su yi ta magana ƙasa-ƙasa, in na matso sai Baba ya ce, "Tica, ka gama karatu?" Tun ban zama malami ba yake kirana haka. Shi kuma ɗayan, "ɗana" yake ce masa, ba ya ko duba ko ina wurin.

Wani hutu na ce ni ma zan bi su kasuwa. Na naɗa tsohon zanen Mama na yi gammo. Baba ya karɓe, ya warware shi a hankali, ya ninke, ya miƙa wa Mama.

"Kan nan ba na buhu ba ne," ya ce.

"To nasa na buhu ne?"

"Shi ba shi da wanda zai karɓe masa gammo. Kai kana da shi."

Na san gata ya yi mini. Amma a ranar ji na yi kamar an rufe ƙofa ina waje.

Rigimarmu babba ranar aurena ce. Ana tsakiyar cin abinci bayan an fito daga coci, wani ya zo ya raɗa masa cewa tarin buhuna ya rushe a kan wani ɗan dako. Baba ya ajiye cokali, ya tafi asibiti da babbar rigar da na ɗinka masa. Dangin amarya suna tambayar ina uban ango. Da ya dawo washegari, rigar duk jini, na tare shi a zaure.

"Baba, ni ma sai buhu ya danne ni za ka zauna a wurina?"

"Kai buhu ba zai danne ka ba," ya ce. "Abin da na yi wa aiki ke nan."

"Ka yi wa kowa aiki. Ni dai zama na ce ka yi."

Ya jira, kamar yadda yake yi wa dillalai, sannan ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ya wuce ciki ya nemi ruwan wanka. Mun yi watanni gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ba zan ce bai ƙaunace ni ba, zan yi ƙarya. Da aka tura ni koyarwa a firamare a Mugulbu, ashe yakan hau babur ya zo, ya tsaya bayan tagar ajina ya saurara, ya juya bai shigo ba. Ban taɓa ganinsa ba. A kasuwa na ji. Wani ɗan dako ya tsayar da ni yana dariya, ya ce, "Malam, an ce kai ne ba ka dukan yara, kallo ɗaya kake musu su yi tsit. Baba ya ba mu labari har mun haddace." Na ji daɗi, na kuma ji haushi. Yabon da ya kamata ya shiga kunnena, sai da ya zaga kasuwa kafin ya iso.

Sai shekarar da masu bindiga suka shigo gari. Ina Mugulbu da safiyar, matata da tsohon ciki, yara biyu ƙanana. Baba da Mama suna cikin gari, gwiwoyinsa sun riga sun ƙi, daga ɗaki zuwa zaure sai da sanda. Na ɗora iyalina a hanyar duwatsu, na juyo zan shiga gari, masu gudowa suka riƙe ni suka ce babu hanya. Na koma na ɗauki ƙaramin a wuya, muka bi jama'a zuwa iyakar Kamaru. Duk wanda na gani daga unguwarmu sai na tambaye shi. Babu wanda ya gan su.

A wani ƙauye a tsallaken iyaka na same su bayan kwanaki. Baba yana kwance a kan tabarma a inuwar wani rumbu, Ciyaman yana matsa masa ƙafa. Mama ce ta ba ni labari. Da harbi ya yi yawa, Ciyaman ya bar nasa gidan a hannun ƙaninsa, ya zo da 'yan dako uku. Baba ya ce su tafi da Mama su bar shi. Sai biyu suka ɗaga shi suka ɗora a bayan Ciyaman, Mama ta ɗaure shi da zanenta kamar jariri. Haka suka hau duwatsu, haka suka ƙetare mayo, in ɗaya ya gaji biyu su sauke su ɗora wa wani.

Da Baba ya gan ni ya ce, "Tica. Yara fa? Ka ci abinci?" Sannan ya nuna Ciyaman da haɓa. "Ka ga ɗana? Ya ce bai taɓa ɗaukar buhu mai surutu irina ba."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na yi wa Ciyaman godiya a gaban kowa, godiya ta gaske. Amma bayan mun dawo gida, duk baƙon da ya zo gaishe da Baba sai ya ji labarin nan, daga ɗaurin zane har ƙetare ruwa. Ina zaune a gefe ina zuba musu shayi. Babu wanda ya taɓa tambayata ina nake ranar. Da ma an tambaya, da na samu na faɗa.

Shi ya sa da ya rasu abu ɗaya na sa a raina. Wani ya ɗauke shi da ransa. Ni zan ɗauke shi zuwa kabari.

Amma akwai doka, kuma Baba ne ya kafa ta. Tun farkon ƙungiya, wani ɗan dako ya mutu aka kai shi maƙabarta a bayan motar kaya, a kan tsofaffin buhuna. Baba ya ce mutumin da ya ɗauki kayan gari a kansa ba za a jefa shi a bayan mota ba. Daga nan duk ɗan ƙungiyar da ya mutu, 'yan ƙungiya ke ɗaukarsa a kafaɗa, Musulmi a makara, Kirista a akwati, su kaɗai. Dangi a baya suke tafiya.

Ana gobe jana'iza Kawu ya ce ya yi magana da mai mota. Da la'asar Ciyaman ya shigo tsakar gida da dattawansu biyu, hularsa a hannu. Ya gaishe da Mama, ya gaishe da Kawu, ya ce sun zo jin lokacin da za su ɗauki Baba.

"Mun samu mota," Kawu ya ce. "Mutum yana da dangi."

"Ba mota, Kawu," na ce. Na juya ga Ciyaman. "Ku za ku ɗauka. Amma ni zan kama gaba."

Ya dubi hularsa. "Malam, ba ka cikin yuniyon."

"Ubana ne."

"Na sani. Shi ya kafa dokar. Ranar da muka binne ƙanin wannan dattijon, shi ma dattijon a baya ya yi tafiya, ga shi ɗan yuniyon, ga su uwa ɗaya uba ɗaya."

Dattijon ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ba ƙi muke ba, Malam. Tafiyarmu daban ce. Wanda bai saba ba, zai karya mana ƙafa, akwati ya tafi gefe."

"Shi ya hana ni sabawa," na ce. Muryata ta fita fiye da yadda na so.

Mama tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta tun shigowarsu. Sai ta kira Ciyaman da sunan da take kiransa tun yana kwana a zaure. Ya matsa ya durƙusa.

"Kai ka goya shi," ta ce. "Da zanena. Wannan bai samu ba. Ka ba shi wuri."

Ya daɗe a durƙushe. Ya tashi, suka fita waje da dattawan, muna jin muryoyinsu ba ma jin abin da suke cewa. Da ya dawo ya ce, "Daga gida zuwa coci namu ne. Daga coci zuwa maƙabarta, Malam ya kama gaba ta dama. Ni ina bayansa."

Haka aka yi. A ƙofar coci mutum biyu suka ɗaga kusurwar suka ɗora mini a kafaɗa, kamar yadda dokarsa ta ce. Ban san akwati yana da nauyi haka ba, Baba da ya rame har ana ganin ƙasusuwan hannunsa. Muka kama hanya. Dattijon nan gaskiya ya faɗa. Suna da wata tafiya ta gajeren taku, gwiwa a sake, kafaɗa ba ta motsi, duk kamar mutum ɗaya. Ni in na taka sai katako ya daki ƙashina, ya tashi, ya sake duka. Kafin mu kai kwanar gidan mai wuyana ya ƙage, numfashina ya fara yankewa. Na ji kusurwata tana yin ƙasa. Na ji Baba ya ɗan zame a ciki.

Ban juya ba. Sai na ji Ciyaman ya matso har numfashinsa yana taɓa ƙeyata. Ya ɗan miƙe. Katakon ya tashi daga kafaɗata, kaɗan, yadda yatsa zai iya shiga. Bai sake sauka ba.

Sauran hanyar duka haka na yi ta, hannuna a jikin akwati, rigata tana gogar katako, babu komai a kaina. Jama'a suna gefen titi suna kallo. Na ji wata mata tana cewa, "Ga ɗan nasa can a gaba, Allah sarki." Da muka sauke a bakin kabari, fasto ya dafa ni ya ce ɗa ya ɗauki ubansa. Kawu ya share ido. Ciyaman yana gefe, jijiyar wuyansa tana rawa, gumi ya jiƙa shi har ƙugu. Wani ya tambaye shi yaya Malam ya yi. Ya ce, "Malam ya kai shi."

Daga ranar bai taɓa tayar da maganar ba, ko da ido. Yana zuwa gaishe da Mama duk mako, ya ce mini, "Malam, ya makaranta?" in ce lafiya.

Baba ya bar wa kasuwar Mubi mutanen da ba sa barin ɗan'uwansu ya ɗaga kaya shi kaɗai. Na gani da idona, na kuma ji a kafaɗata. Na so a ce ni ne na ɗauke shi, ko sau ɗaya, kuma har yanzu ina so. Amma wanda zai karanta wannan ya sani, sau biyu aka ɗauki mahaifina, duka biyun mutum ɗaya ne.

Allah ya ba Baba hutu a wurinsa, ya riƙe Mama. Ya saka wa mutumin nan da alheri, don ni har yau bakina bai iya faɗa masa ba.